Haƙƙoƙin wanda ake tuhuma bayan wata ƙasa ta miƙa shi don ya fuskanci shari'a

A kafafen yaɗa labarai, zancen mutumin da wata ƙasa ta miƙa wa wata yakan ƙare ne da zarar jirgi ya sauka, an nuna shi da ankwa a hannu tsakanin jami'an tsaro. Daga nan jama'a kan ɗauka cewa mai laifi ya shiga hannu, saura yanke hukunci. A wajen doka kuwa, a wannan rana ce shari'arsa take farawa, domin zaman da aka yi a ƙasar da ta miƙa shi, ko da an shekara biyar ana tafka muhawara, ba a yi shi don tantance ko ya aikata laifin ko bai aikata ba. Abubuwa ƙalilan alƙalin can ya duba: ko mutumin da ke gabansa shi ne ake nema, ko abin da ake zarginsa da shi laifi ne a dokokin ƙasashen biyu, ko takardun buƙatar sun cika sharuɗɗan yarjejeniya, da kuma ko akwai wani dalili da ya hana a miƙa shi. A Amurka alƙali kan nemi hujjar da ta isa a yi zato mai ƙarfi cewa an aikata laifin, wadda ko kusa ba ta kai hujjar da ake ɗaure mutum da ita ba. Tsakanin yawancin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Turai ta 1957 kuma, ba a ma buƙatar gabatar da shaidu, domin sammacin kamu da bayanin laifin da nassin dokar da aka karya sun wadatar.

Saboda haka mutumin yana sauka ne a matsayin wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, kuma duk abin da sashe na 14 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙin farar hula da na siyasa ta 1966 ya tanadar wa kowane wanda ake tuhuma ya tanadar masa: a sanar da shi tuhumar cikin harshen da yake ji, a ba shi lauya da isasshen lokacin shirya kariya, ya yi wa shaidun gwamnati tambayoyi, ya kira nasa, kada a tilasta masa ba da shaida a kan kansa, ya kuma ɗaukaka ƙara idan hukunci bai gamsar da shi ba. Waɗannan haƙƙoƙi nasa ne, ba wanda ya ara masa su. Amma bayan su akwai wani rukuni na kariya da wanda aka kama a cikin gida ba shi da shi, wato sharuɗɗan da ƙasar da ta miƙa shi ta gindaya kafin ta sake shi. A nan wahalar al'amarin take, domin waɗannan sharuɗɗa alƙawura ne tsakanin gwamnati da gwamnati, kuma tun daga lokacin da mutumin ya bar ƙasar, kotun da ta gindaya su ba ta da sauran iko a kansa.

Mafi tsufa kuma mafi muhimmanci a cikin sharuɗɗan ita ce ƙa'idar taƙaita tuhuma. Abin da ta ƙunsa shi ne, ƙasar da ta karɓi mutum ba za ta tsare shi, ko ta gurfanar da shi, ko ta hukunta shi kan wani laifi da ya aikata kafin a miƙa shi ba, face laifin da aka miƙa shi dominsa. Dalilin hakan a bayyane yake. Ƙasar da aka roƙa takan tace buƙatar, ta amince da wasu tuhume-tuhume, ta ƙi wasu saboda ba laifi ba ne a dokarta, ko saboda lokacin gurfanarwa ya wuce, ko saboda tana ganin siyasa ce a ciki. Da a ce mai gabatar da ƙara zai iya dawo da abin da aka ƙi bayan mutumin ya iso, da duk wannan tacewa ta tashi a banza, kuma da kowace gwamnati ta samu hanyar neman abokin hamayyarta da zargin zamba, idan ya zo ta tuhume shi da cin amanar ƙasa.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a kan wannan ita ce ta William Rauscher, wani jami'in jirgin ruwan Amurka da Birtaniya ta miƙa bisa zargin kashe wani matuƙi a tsakiyar teku. Da ya iso, sai aka gurfanar da shi kan gallaza wa matuƙin azaba, laifin da bai kai kisa girma ba amma kuma ba ya cikin jerin laifukan da yarjejeniyar 1842 tsakanin ƙasashen biyu ta lissafa. A Disambar 1886 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a da hurumin yi masa wannan shari'a har sai an ba shi damar komawa ƙasar da aka ɗauko shi. Abin lura shi ne yarjejeniyar ba ta ambaci ƙa'idar ɓaro-ɓaro ba, kotun ce ta ga cewa ma'anar miƙa mutum kan laifi takamaimai ta ƙunshi hakan. Daga baya aka riƙa rubuta ta a fili. Tana cikin sashe na 14 na yarjejeniyar Turai ta 1957, tana cikin samfurin yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1990, tana cikin yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1994, ƙasashe da yawa kuma sun shigar da ita cikin dokokinsu na gida.

Sai dai ƙa'idar tana da ƙofofi, kuma wanda ake tuhuma yana bukatar ya san su tun kafin ya bar ƙasar da aka kama shi. Ba ta kare shi daga laifin da ya aikata bayan an miƙa shi. Ba ta hana a sauya wa tuhuma suna ko a sassauta ta zuwa ƙaramin laifi, muddin abubuwan da aka gina ta a kansu su ne dai waɗanda aka gabatar wa kotun waje, kuma sabon laifin yana cikin waɗanda ake miƙa mutum dominsu. Tana faɗuwa idan mutumin ya samu cikakkiyar damar barin ƙasar bayan an sallame shi amma ya zauna, wa'adin da yarjejeniyar 1957 ta sa kwana 45, ta Amurka da Meziko ta 1978 kuma ta sa kwana 60, ko kuma idan ya fita ya dawo da ƙafarsa. Akwai kuma wani tarko da ya fi kama marasa ƙwararren lauya. Mutumin da ya gaji da zaman kurkuku a ƙasar waje yakan sa hannu ya amince a miƙa shi ba tare da dogon zama ba, alhali a wasu yarjejeniyoyi, kamar wannan ta Amurka da Meziko, sa hannun yana ɗauke masa kariyar taƙaita tuhuma baki ɗaya. Tsarin sammacin kamu na Tarayyar Turai na 2002 ya raba abubuwan biyu, ya ce amincewa da miƙawa daban, yafe wannan kariya daban, kuma dole a yi kowanne a gaban hukumar shari'a tare da damar samun lauya. A ganina wannan shi ne adalci, domin bai kamata gajiya ta sa mutum ya rasa abin da bai san yana da shi ba.

Ƙofa mafi faɗi ita ce amincewar ƙasar da ta miƙa shi. Idan mai gabatar da ƙara yana son ƙara tuhuma, zai iya aika sabuwar buƙata ta hanyar diflomasiyya, idan aka amince, shi ke nan. Haka ta faru da Joaquín Guzmán, madugun masu safarar miyagun ƙwayoyi da Meziko ta miƙa wa Amurka a Janairun 2017 bisa tuhume-tuhumen da ke jiransa a jihohin Texas da California, amma aka yi masa shari'a a Brooklyn da ke New York, aka same shi da laifi a Fabrairun 2019. Da lauyoyinsa suka kawo ƙorafi, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi karɓa a Janairun 2022 bisa dalilai biyu: Meziko ta amince a rubuce, sa'annan shi kansa ba shi da hurumin kafa hujja da yarjejeniyar. Dalili na biyun ne ya fi bukatar nazari, domin ya taɓa tushen maganar, wato tambayar ko haƙƙin na mutumin ne ko na ƙasar da ta miƙa shi. Kotunan ɗaukaka ƙara na Amurka sun rabu a kan wannan. Wasu sun ce wanda ake tuhuma zai iya kawo duk wani ƙorafi da ƙasar da ta miƙa shi za ta iya kawowa, wasu kuma sun ce sai dai idan ita ƙasar ta nuna rashin amincewarta a hukumance.

Ra'ayi na biyu yana da hujjarsa, domin yarjejeniya tsakanin ƙasashe aka ƙulla ta, kuma alƙali ba ya son ya yi wa wata gwamnati fushin da ita ba ta yi ba. Duk da haka, ina ganin sakamakonsa ba mai kyau ba ne. Gwamnatin da ta riga ta rabu da mutum, musamman idan ba ɗan ƙasarta ba ne, da wuya ta ɓata dangantakarta da babbar ƙawa saboda shi, kuma shirunta ba ya nufin ta yarda, sau da yawa ba ta ma san abin da ke gudana a wata kotu mai nisan dubban kilomita ba. Wanda ya san an karya sharaɗin, wanda kuma karyawar za ta ƙara wa shekaru a kurkuku, shi ne aka hana ya yi magana. Akwai ƙarin wata kafa da ke rage wa ƙa'idar ƙarfi a tsarin Amurka, inda wasu kotunan suka yanke cewa alƙali zai iya la'akari da wasu ayyukan da ba a miƙa mutum dominsu ba a lokacin auna nauyin hukunci, bisa hujjar cewa ba hukunta shi ake yi a kansu ba, ana dai duba halinsa ne. Ga wanda zai yi zaman, bambancin ba shi da wani amfani.

Daga taƙaita tuhuma sai alƙawuran da suka shafi hukunci. Ƙasashen da suka soke hukuncin kisa ba sa miƙa mutum ga ƙasar da ke aiwatar da shi sai an ba su tabbacin cewa ba za a yanke masa ba, ko kuma idan an yanke ba za a zartar ba. Shari'ar Jens Söring ce ta kafa wannan a Turai. Bajamushe ne da jihar Virginia ta Amurka ke nema kan kisan iyayen budurwarsa a 1985, aka kama shi a Ingila. Tabbacin da aka fara bayarwa shi ne kawai za a sanar da alƙali cewa Birtaniya ba ta son a yanke hukuncin kisa, alhali mai gabatar da ƙara yana nan a kan niyyarsa ta neman sa. A Yulin 1989 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce miƙa shi a haka zai jefa shi cikin shekarun jiran kisa da suka kai matsayin wulaƙanta ɗan adam. Sai da aka ba da tabbaci na gaske aka miƙa shi a 1990, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai, aka kuma mayar da shi Jamus a 2019. Kotun Ƙolin Kanada ta bi wannan sahu a 2001, haka ma Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu a wannan shekara, kan Khalfan Khamis Mohamed, ɗan Tanzaniya da aka danƙa wa jami'an Amurka a birnin Cape Town a 1999 bisa zargin hannu a harin ofishin jakadancin Amurka da ke Dar es Salaam, ba tare da an nemi wani tabbaci ba. Lokacin da kotun ta ce an saɓa doka, yana New York ana yi masa shari'a, bakin alƙalami ya riga ya bushe, abin da kawai ta iya shi ne ta ba da umarni a aika da hukuncinta ga kotun da ke can. An ƙare da yanke masa ɗaurin rai-da-rai.

Hausawa kan ce alƙawari kaya ne, amma a wannan fage tambayar ita ce wa ya ɗauki kayan. Ma'aikatar harkokin waje ce ke rubuta wasiƙar tabbaci, alƙali kuma mai cin gashin kansa ne, zai iya cewa doka ce ke ɗaure shi ba wasiƙar minista ba. Shari'ar Abu Salem ta nuna wannan tsaka mai wuya ƙarara. An kama shi a Lisbon a 2002, Fotugal ta miƙa shi ga Indiya a Nuwambar 2005 kan hare-haren bam na Mumbai na 1993 da wasu laifuka, bayan Indiya ta yi alƙawarin ba za a kashe shi ba, kuma ba zai wuce shekara 25 a ɗaure ba. Da aka ƙara masa tuhume-tuhume, ya kai kuka kotunan Fotugal, a 2011 wata kotu a Lisbon ta ce an karya ƙa'idar taƙaita tuhuma, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hakan a 2012. Hukuncin bai mayar da shi ba, domin Kotun Ƙolin Indiya ta ce a 2013 bai ɗaure kotunan Indiya ba, ko da yake masu gabatar da ƙara sun janye wasu daga cikin tuhume-tuhumen da aka ƙara. Kotuna sun yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 2015 da 2017. Sai a Yulin 2022 Kotun Ƙolin Indiya ta warware kullin, ta ce alƙalai ba su yi kuskure ba da suka bi dokar ƙasa, amma wajibi ne gwamnati ta cika alƙawarinta ta hanyar ba shugaban ƙasa shawarar sakinsa idan shekara 25 ta cika, wato a 2030. Wannan mafita ta kare martabar kotu da mutuncin ƙasa gaba ɗaya, amma ta ɗora makomar mutumin a kan abin da wata gwamnati za ta yi nan gaba.

Alƙawarin hana azabtarwa ya fi kowanne rauni, domin kisa a hukumance ake yin sa, azabtarwa kuwa a ɓoye, kuma ƙasashen biyu duka suna da dalilin musanta ta. Sashe na 3 na yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ya haramta miƙa mutum inda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin fargabar za a azabtar da shi. Suwidin ta kori Ahmed Agiza, ɗan Masar mai neman mafaka, zuwa ƙasarsa a Disambar 2001 bisa tabbacin da aka ba ta, a 2005 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyar ya ce tabbacin da babu hanyar tilasta cika shi bai isa ba, Suwidin ta saɓa wajibinta. Alƙawarin da ake iya dogara da shi shi ne wanda ya fayyace gidan yarin da za a ajiye mutum, ya ba jami'an waje ko masu sa ido damar ganawa da shi su kaɗai ba tare da sanarwa ba, ya kuma shiga dokar da alƙali zai yi aiki da ita. Birtaniya ba ta iya mayar da Abu Qatada, malamin da ake zargi da ta'addanci, zuwa Jodan ba sai a Yulin 2013, bayan ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniyar da ta hana amfani da shaidar da aka samu ta hanyar azabtarwa, kuma kotun Jodan ta wanke shi a 2014.

Duk waɗannan kariya suna tsayuwa ne a kan cewa an bi hanyar miƙawa ta doka. Idan aka sato mutum, ko aka yaudare shi ya shiga jirgi, ko aka fake da korar baƙo aka danƙa shi ga masu nemansa, babu takardar da ta taƙaita tuhuma kuma babu alƙawarin da aka ɗauka. A ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta kare Rauscher, a ranar ta yanke hukunci kan Frederick Ker, wanda wani ɗan leƙen asiri mai zaman kansa ya ɗauko da ƙarfi daga birnin Lima na Peru, ta ce yadda aka kawo mutum ba ya hana a yi masa shari'a. Ta sake jaddada hakan a 1992 kan Humberto Álvarez Machaín, likita ɗan Meziko da aka sato daga Guadalajara a 1990 bisa zargin hannu a kisan wani jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi na Amurka, inda alƙalai shida daga cikin tara suka ce yarjejeniyar ƙasashen biyu ba ta haramta sata a fili ba, duk da cewa Meziko ta yi ta kai ƙorafi. A ƙarshen 1992 alƙalin da ke sauraron shari'ar ya sallame shi saboda rashin hujja. Abin da wannan matsaya ta haifar shi ne wanda aka bi doka wajen kawo shi yana da kariya, wanda aka karya doka wajen kawo shi ba shi da ita, lamarin da ke ƙarfafa wa jami'an tsaro gwiwar bin gajeriyar hanya.

Wasu ƙasashen sun ƙi wannan. A 1991 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu ta soke ɗaurin shekara 20 da aka yi wa Ebrahim Ismail Ebrahim, ɗan ƙungiyar ANC da aka sato daga Swaziland a 1986, tana mai cewa dole gwamnati ta zo kotu da tsaftataccen hannu. A 1993 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke a shari'ar Bennett cewa kotu na da ikon dakatar da shari'a idan 'yan sanda sun haɗa baki da na waje sun kauce wa hanyar miƙawa. A Najeriya an ga matsayun biyu a shari'a guda. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallami Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar kafa Biafra, a Oktoban 2022 saboda yadda aka dawo da shi daga Kenya a 2021, amma a Disambar 2023 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, ta ce saɓa dokar da jami'ai suka yi bai ƙwace wa kotu hurumi ba, hanyar da ta rage masa ita ce ƙarar neman diyya. Masu goyon bayan irin wannan matsaya suna cewa bai dace kuskuren jami'i ya hana waɗanda aka cutar samun adalci ba, kuma magana ce mai nauyi. Amma diyyar da za a nema daga cikin kurkuku ba ta cika tsoratar da hukuma ba, abin da ke hana ta maimaitawa shi ne sanin cewa shari'ar za ta rushe.

Ko a inda aka bi doka sau da ƙafa, nisa yana cinye wani ɓangare na haƙƙoƙin da kowa ke da su. Beli shi ne na farko, domin alƙali yakan ɗauki wanda aka kawo daga waje a matsayin mai iya tserewa, ga shi ba shi da gida ko aiki ko mai tsaya masa a ƙasar. Ya kamata a bambance wanda ya gudu bayan ya san ana nemansa da wanda yake zaune a ƙasarsa tun asali, haka kuma bai dace a riƙe wa mutum ƙalubalantar miƙa shi da ya yi a kotu ba, tunda haƙƙinsa ne. Shaidu ma haka. Gwamnati tana da yarjejeniyoyin taimakon juna da take samo takardun banki da bayanan shaidu daga ƙasashen waje, alhali yawancin waɗannan yarjejeniyoyi ba su buɗe wa wanda ake tuhuma ƙofa ba, sai ya roƙi kotu ta aika da wasiƙar neman taimako wadda kan ɗauki watanni. Sa'o'in tafiya su ma suna da haɗari, domin a cikin jirgi babu lauya, kuma abin da mutum ya faɗa a gajiye kan bayyana a gaban alƙali. Yana da damar yin shiru, yana da damar a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba, wanda kwamitin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bisa al'ada kada ya wuce awa 48. Idan kuma ba ɗan ƙasar da ke masa shari'a ba ne, sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya wajabta a sanar da shi cewa zai iya tuntuɓar ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma Kotun Duniya ta tabbatar a 2001 cewa wannan haƙƙi ne na shi wanda aka tsare.

Shekarun da aka yi a tsare ana jiran miƙawa su ma abin bibiya ne. Tsarin Tarayyar Turai na 2002 ya wajabta a cire su daga wa'adin ɗauri, ƙasashe da dama kuma suna yin haka, amma sai an kawo shaidar kwanakin daga hukumar gidan yarin waje, kuma ba a lissafa zaman da aka yi kan wani laifi daban, kamar yadda Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi lissafa wa Abu Salem zaman da ya yi a Fotugal kan fasfo na jabu. Wanda aka yanke wa hukunci a bayan idonsa, ba tare da an sanar da shi shari'ar ba, yana da damar a sake sauraron maganarsa tun daga tushe, kuma ƙasashe da yawa ba sa miƙa shi sai an yi musu wannan alƙawari.

Kariyar hana yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya ba ta tsallake iyaka kai tsaye. Kwamitin kare haƙƙin ɗan adam ya bayyana cewa sashe na 14 ya hana maimaici ne a cikin ƙasa guda, don haka tsakanin ƙasashe sai abin da yarjejeniya ta tanada, kamar sashe na 54 na yarjejeniyar Schengen ta 1990 tsakanin ƙasashen Turai. Nizar Trabelsi, ɗan Tunisiya, ya sha ɗaurin shekara goma a Beljiyam kan shirin kai hari wani sansanin sojin sama, sa'annan aka miƙa shi ga Amurka a Oktoban 2013 duk da umarnin Kotun Turai na a dakata. A 2014 kotun ta ce Beljiyam ta saɓa doka, amma mutumin yana Amurka. Ya shafe kusan shekara goma a tsare ana jayayya, ciki har da batun ko abin da ake tuhumarsa da shi shi ne dai wanda aka hukunta shi a kai a Beljiyam, kafin masu taya alƙali yanke hukunci su wanke shi a Yulin 2023.

Wankewa ko kammala wa'adi ba ya rufe maganar. Ba a halatta a miƙa mutumin ga ƙasa ta uku kan tsohon laifi ba sai da yardar wadda ta fara miƙa shi, kuma wanda aka ɗaure zai iya neman a mayar da shi ƙasarsa ya ƙarasa zaman a ƙarƙashin yarjejeniyoyi irin ta Strasbourg ta 1983, ko da yake wannan dama ce da sai gwamnatocin biyu sun yarda. Wa'adin kwana 45 na ficewa kuma bai kamata ya fara ƙirguwa ba sai an mayar masa da fasfonsa an buɗe masa hanyar tafiya. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa ba su da izinin zama a ƙasar, an shigo da su ne domin shari'a kaɗai, saboda haka da zarar alƙali ya sallame su sai hukumar shige da fice ta karɓe su. Haka aka yi wa Trabelsi, wanda bayan an wanke shi ya ci gaba da zama a tsare a hannun wannan hukuma, ana jayayya kan ƙasar da za a mayar da shi.